Ƙwallon Doki Da Alƙalamin 'Yan Jarida

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Minjibir ya san doki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Amma akwai wani wasa da ake yi bisa doki, ana bugun ƙwallo da doguwar sanda, wanda aka daɗe ana ce masa wasan Turawa. Shi ne folo, watau ƙwallon doki. To, bari mu bi sawunsa mu gani ko sunan nan ya dace.

Asalin wasan nan daga ƙasashen Gabas yake. Mutanen Farisa sun yi shi tun zamanin da. Turawan Ingila kuwa a ƙasar Indiya suka tarar da shi, wurin mutanen Manifur, suka koya, har suka kafa kulob a birnin Kalkata cikin 1862. Daga nan hafsoshinsu suka yi ta yawo da shi, har ya iso Ikko wajen 1904, sa'an nan ya hauro Arewa. Ashe su ma aro suka yi.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ne ya ga wasan ya ce ai wannan bai fi ƙarfin 'ya'yan Katsina ba. Ya sa 'ya'yansa da barorinsa suka koya. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi ya yi sarauta har 1981, ya ƙware ƙwarai, har aka ba shi daraja ta bakwai, alhali goma ce iyakar darajar gwanaye a duniya.

Sai dai yin abu daban, ba da labarinsa daban. Kafin a fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, da Malam Abubakar Imam yana edita, Bahaushe ba shi da jarida mai yawo ko'ina da za ta ba shi labari da harshensa. Wanda ya riƙe alƙalami kuwa shi ke zaɓen sunan da za a tuna.

Abin da ya faru a Amurka ya isa misali. Akwai wata baƙar mace, Althea Gibson, gwanar ƙwallon tanis, wadda ba a gayyatarta manyan gasa saboda launin fatarta. Cikin 1950 wata Baturiya tsohuwar gwana, Alice Marble, ta rubuta wasiƙa a mujallar wasan ta kunyata shugabanninsa. A shekarar nan aka buɗe wa Althea ƙofa. Cikin 1957 ta ci babbar gasar Wimbledon ta Ingila, ta maimaita a 1958. Takarda guda ta yi aikin da ƙarfin dantse bai yi ba.

Mu ma akwai saura a kanmu. In an ci kofi, sunan mahayi ake bugawa, yawanci basarake ko attajiri ko hafsan soja. Ina sunan yaron barga da ya yi sammako ya share turke, ya ba doki ruwa da kanwa? Ina na manomin da ya ɗaure harawa ya kai? Tasu ɓoyuwar ba ta launi ba ce, ta talauci ce, amma ciwon ɗaya ne.

Saboda haka, ya kai wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara, in ka ɗauki jarida ka tambayi kanka: wa aka ambata, wa aka tsallake? In ka ga gwani a garinku, ɗan dambe ne ko ɗan kokawa ko mai horon doki, ɗauki alƙalami ka rubuta sunansa. Abin da aka rubuta shi ke tsayawa, abin da aka bari a baki iska ke tafiya da shi.