Sky Sport (Italiya)

Sky Sport rukunin tashoshin talabijin ne na wasanni da ke watsa shirye-shirye cikin harshen Italiyanci ta tauraron ɗan'adam. Mallakar kamfanin Sky Italia ne, mai hedikwata a birnin Milan, wanda aka kafa a 2003 bayan haɗewar Tele+ da Stream TV. Tun 2018 kamfanin Comcast na Amurka ke riƙe da shi.

Sai da kuɗin rajista ake kallon tashoshin. Sky Sport 24, da aka buɗe a 2008, labaran wasanni take kawowa dare da rana. Sky Sport Calcio ta keɓanta ga ƙwallon ƙafa, Sky Sport F1 ga tseren motoci, Sky Sport MotoGP kuwa ga tseren babura.