Tarihin Gilashin Zuƙowa da Yadda Ƙwararrun Masu Hoto Suka Amince da Shi

Gilashin zuƙowa, wato idon kyamara da ke iya matso da abin da ke nesa ko ya ɗebo fili mai faɗi ba tare da mai ɗaukar hoto ya ɗaga ƙafarsa ba, ya fara samun gindin zama ne a masana'antar fim tun kafin ya shigo hannun masu hoton jarida. Ana auna hangen kowane gilashi da milimita, inda ƙaramar lamba irin 24 ke nuna faɗi, babbar lamba irin 200 kuma ke nuna zuƙo nesa, sai dai gilashi mai tsayayyen hange lamba ɗaya tak yake da ita, shi kuwa na zuƙowa yana kai-komo tsakanin lambobi biyu ta hanyar motsa rukunonin gilasai a cikin bututunsa.

A shekarar 1932 aka fito da Cooke Varo mai hangen milimita 40 zuwa 120 domin kyamarorin fim, amma sai a 1959 masu hoton tsaye suka samu nasu, lokacin da kamfanin Voigtländer na Jamus ya fitar da Zoomar mai milimita 36 zuwa 82, wanda Frank Back ya tsara. A Faransa ma Pierre Angénieux ya ƙera gilashin da ke ninka hange sau goma, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Oscar. Duk da haka ƙwararru sun daɗe suna kallon gilashin zuƙowa a matsayin kayan 'yan koyo, kuma suna da hujja, domin kowace fuskar gilashi tana mayar da wani kaso na haske baya, don haka idan gilasan suka yi yawa a bututu ɗaya sai hoto ya fito da hazo-hazo, gefensa ya dushe, miƙaƙƙun layuka kuma su lanƙwashe. Gilashin Nikon mai milimita 43 zuwa 86 na shekarar 1963 ya yi kasuwa sosai saboda sauƙin ɗauka, amma ya ƙara wa wannan zargi ƙarfi.

Ba ƙirƙira guda ce ta wanke gilashin zuƙowa ba. Tun 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya samo dabarar shafa wa gilashi siririn rufi mai rage dawowar haske, a 1971 kuma Pentax ya yaɗa rufi mai hawa-hawa, wanda ya sa ana iya jera gilasai sama da goma ba tare da hoton ya lalace ba. Shigowar kwamfuta ta ɗauke wa injiniyoyi lissafin tafiyar haske da a da yakan cinye watanni ana yi da hannu, kuma Vivitar Series 1 mai milimita 70 zuwa 210, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970, yana cikin na farko da suka nuna amfanin hakan a kasuwa.

Daga nan ne aka samu ma'aunin da har yau ake rarrabe gilashin ƙwararru da shi, wato ƙofar haske ta f/2.8 wadda ba ta tsukewa ko an zuƙo har ƙarshe. Ƙofar haske ita ce ramin da haske ke bi ya shiga kyamara, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambarta gwargwadon faɗinta, abin da ke ba mai hoto damar aiki a ɗakin taro ko filin wasa da dare. Canon ya fitar da irin wannan gilashi mai milimita 80 zuwa 200 a 1989, ya maye gurbinsa da 70 zuwa 200 a 1995, sannan a 2001 ya ƙara masa na'urar rage rawar hannu. Nikon kuma ya fito da 14 zuwa 24 da 24 zuwa 70 a 2007. Kuɗin wannan inganci shi ne nauyi, domin irin 70 zuwa 200 yakan kai kusan kilo ɗaya da rabi, kafin Sony ya sauko da nasa zuwa giram 1,045 a 2021.

Kyamarar dijital ta sauya yadda ake kwatanta waɗannan gilasai, tun da sensa, wato farantin lantarki da ya gaji fim, tana tona aibin da fim ke rufewa, kuma kowa na iya buɗe hoto a kwamfuta ya duba kusurwoyinsa dalla-dalla. Wani abin lura shi ne yawancin kyamarorin zamani marasa madubi suna gyara lanƙwasar layuka da duhun gefe da manhajarsu tun kafin mai hoto ya gani, har wasu kamfanoni ke barin wannan aibi a jikin gilashin da gangan domin rage girma da nauyi. Saboda haka kwatancin da ya dogara da lambobin da ke rubuce a jikin bututu kaɗai bai isa hukunci ba, sai an ɗora kowane gilashi a kan kyamarar da aka ƙera shi dominta, an buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, an gwada shi a farkon hangensa da tsakiya da ƙarshe.