Ƙofar shiga da ƙofar fita: hanyoyin neman ilimi mai zurfi daga Gaya

Duk shekara, idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, iyaye kan zo wurinmu malamai da tambaya guda: ina za a kai yaron? Hanyoyi uku ne suka fita daga Gaya. Ta arewa ta nufi Doso da Yamai, ta gabas ta bi Kamba zuwa Najeriya, ta kudu kuwa ta ƙetare kogin Isa zuwa Malanvil, har Kwatano. Kowace hanya da irin ƙofar da ke ƙarshenta, kowace ƙofa kuma da tarihinta.

A zamanin mulkin mallaka ƙofar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Faransa na bukatar tafintoci, magatakarda da malaman lakol, adadi kaɗan, don haka sai ta riƙa tace yara da jarrabawar gasa. Ƙololuwar wannan tsani ita ce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal. Daga can Bubu Hama ya dawo malami a 1929. Diori Hamani ma sai da ya yi karatu a Porto-Novo, cikin Dahomey, wato Benin ta yau, kafin ya isa Ponty. Ashe hanyar kudu tsohuwa ce. Wanda ya fito daga Ponty aiki ne ke jiran sa. To amma wannan kyakkyawan sakamako daga tankaɗe ya samo asali: an zaɓi tsirarun da ake da tabbacin za su ci, sauran dubbai kuwa ba wanda ya ƙirga su.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. An bi al'adar Faransa: takardar bak ita ce mabuɗi. Ƙofa ta faɗaɗa, ɗakin bai faɗaɗa ba. Cunkoso, jinkirin kuɗin tallafi da yajin aiki suka sa karatun shekara uku kan ci biyar. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jinin ɗalibai ya zuba a gadar Kennedy. Sai a 2010 Maradi, Tawa da Damagaram suka sami jami'o'insu, Doso kuma a 2014.

Najeriya ta ɗauki wata hanya. A 1978 ta kafa hukumar JAMB, ta sa jarrabawar shiga a bakin kowace jami'a. A 2023 fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka zauna mata, guraben kuwa ba su kai haka ba ko kusa. Ko lasisin da aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu a 1999 bai share wannan taro ba.

A nan ne kasuwa ta shigo. Wanda cunkoso ya gajiyar da wanda jarrabawa ta kora duk suka zama masu saye, makarantun kuɗi suka tsiro a Yamai, Maradi da Kwatano. Da yawansu na koyarwa tsakani da Allah, sun kuma ceci yaran da gwamnati ta rasa inda za ta sa su. Sai dai makarantar da abincinta ke cikin aljihun ɗalibi tana da wuyar cewa da shi ya faɗi. A Disamba 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, bai taɓa zama aji ba. A Janairu 2024 Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Hukuncin ya haɗa da waɗanda suka yi karatunsu da gumi, iyayensu sun sayar da shanu da gonaki. Cutar ba ta Afirka kaɗai ba ce: a Amurka kamfanin Corinthian Colleges ya rushe a 2015, ya bar dubban ɗalibai da bashi.

Tarihin nan ya nuna cewa mun daɗe muna gardama a bakin ƙofar shiga, alhali ta fita ce ke yanke hukunci. Magabata sun hango haka, shi ya sa aka kafa hukumar CAMES a Yamai a 1968, wadda cikin ayyukanta akwai tantance darajar takardun jami'o'in ƙasashen da ke cikinta. Benin ma a 2017 ta sa jarrabawar ƙasa ga ɗaliban makarantu masu zaman kansu masu neman lisans. A buɗe wa kowa ya shiga, wannan adalci ne, muddin mai karɓar kuɗin ba shi ne kaɗai mai auna ilimin ba.

Saboda haka, ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyi, idan uba ya zo muku da takardar tallar wata makaranta, ku taya shi tambayoyi uku. Cikin ɗari da suka shiga, nawa suka kammala? Wa ke shirya jarrabawar ƙarshe? Wace hukuma ce ta amince da takardar, a nan gida da kuma ƙetaren iyaka? Makarantar kirki za ta amsa ba tare da kwana-kwana ba. Wadda ta fara da zancen kuɗin rajista kuwa, a bar uban ya koma gida da sansa.