Kaset ɗin Kaka a Shagon Wuse

Ranar Asabar muna gyaran shagon Baba a kasuwar Wuse, ƙannena suka tono wani tsohon akwati. Ciki akwai kaset-kaset, da faifan kwamfuta mai cin 1.44 MB, da Nokia 3310. Autarmu ta yi ta juya faifan tana neman makunni!

Baba ya zo Abuja bayan an dawo da babban birni daga Legas a 1991. Ya ce kafin GSM ta iso a 2001, wanda ba shi da layin NITEL sai ya yi magana a kaset ya ba direban Kano, gida su amsa a wani kaset.

Ɗaya daga ciki muryar Kakarmu ce, Allah ya jiƙanta. Mai rikoda lafiyayya, don Allah ya ara mana.