DAGA YUMƁU ZUWA DALMA: TARIHIN HARSASHIN DANƘO A GARINMU

A duk lokacin da aka ɗauko tarihin garinmu a wannan mujalla, akan fi karkata ga sarauta da yaƙe-yaƙe da gina makarantu. A bana mun ga ya dace mu waiwayi wani ƙaramin abu wanda da wuya a sami namijin da ya tashi a garin nan bai taɓa rataya shi a wuya ba, ko da kuwa yau babban sakatare ne a Abuja ko attajiri a Kantin Kwari, wato danƙo. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ake ɗora masa a harba, domin shi ne ya sauya a tsawon rayuwarmu, kuma sauyin nasa ya shafi lafiyar jikokinmu.

Kakanninmu ba su san danƙo ba, majajjawa suka sani. Igiya ce ta rama da ake tufkawa, a yi mata ɗan mazauni a tsakiya, a ɗora dutse ko hoge, a wulwula a saki gefe guda. Babban aikinta korar jan-baki ne idan gero ya fara nuna, yaro yana kan rumfa a tsakiyar gona tun hantsi har la'asar. Makami ne daɗaɗɗe ƙwarai, domin malaman tafsiri sun kawo cewa da irinsa Annabi Dawuda (AS) ya kashe Jaluta.

Danƙo kuwa baƙo ne, kuma ɗan zamani, saboda ba ya yiwuwa sai da roba mai miƙewa ta koma. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ya gano yadda ake dafa danƙon itace da farar wuta ya zama roba mai ƙarko, ya kuma yi wa binciken rajista a 1844. A 1888 John Dunlop ya fito da tayar keke mai iska. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kekuna da motoci suka biyo baya, tsohuwar robar cikin taya ta riƙa faɗowa hannun yara ta wurin masu faci. Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1960 za su tuna yadda ake rububin jar roba, don ta fi baƙa tsalle nesa ba kusa ba. Gwafa daga daji take, 'yar fatar da ke riƙe harsashi kuma a roƙo ta wurin dukawa.

Harsashin farko tsakuwa ce, amma tsakuwa ba ta da alƙawari, tana da kusurwa, sai ta bauɗe a iska. Saboda haka gwanaye suka koma ga yumɓu. Akan ɗebo shi a bakin kududdufin da mata ke haƙar na ginin tukwane, wasu kuma su fi son ƙasar suri don ta fi danƙo. A tsince tsakuwa da ciyawa, a kwaɓa da ruwa kaɗan, a mulmula a tafin hannu ya yi kamar girman kanya ko ƙasa da haka. Sai a jera a inuwa ya sha iska kafin a kai shi rana, domin wanda aka yi wa gaggawa tsagewa yake yi. Mai son na musamman yakan lallaɓa ya tura nasa cikin tokar murhu bayan an sauke tuwo, da safe ya kwashe su jajaye suna ƙara kamar tsingaro. A ganinmu wannan aiki makaranta ce mai zaman kanta, kuma mun sha lura a aji cewa yaron da ya iya daidaita girman harsashinsa ba ya shan wahala a darasin awo. Harsashin yumɓu in ya sami kurciya ko hasbiya ya gama aikinsa, in ya kuskure ya farfashe, damina ta mayar da shi ƙasar da ya fito.

Malamanmu na zaure ma sun san da zamansa. Sun karantar da mu cewa tsuntsun da dunƙulen yumɓu ya kashe da nauyinsa mushe ne, sai in an riske shi da rai an yanka, dalilin ke nan da kowane maharbin danƙo ke yawo da reza a aljihu. Sukan kuma tunatar da mu hanin da ya zo a hadisi game da jifa da tsakuwa, saboda fasa ido da karya haƙori. A littattafan fiƙihu sunan wannan dunƙule bunduƙa, kuma daga wannan tushe na Larabci kalmarmu ta bindiga ta samo asali.

Da gyaran kekuna da babura ya yawaita, sai yara suka gano ƙwallayen boris, daga nan kuma aka gangaro kan dalma. Dalilin a fili yake. Dalma ta ninka dutse nauyi wajen sau huɗu, don haka ɗan ƙaramin dunƙule yakan yi nisa ya kuma yi dukan da yumɓu ba zai yi ba. Mutanen da ma sun san haka. Marubucin Girka Zenofon ya ba da labarin yadda, a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), 'yan majajjawa daga tsibirin Rodas masu harsashin dalma suka fi na Farisa masu jifa da duwatsu nisan harbi. Sannan dalma tana narkewa a zafin digiri 327 kacal, abin da garwashin kowane gida ke iya kaiwa. Maharbanmu masu bindigar toka da masunta masu nauyaya koma sun daɗe suna narka ta, yara kuma idanu gare su.

A da dalma tana da wuyar samu a ƙauye. Yau kuwa tana ko'ina, a cikin mataccen batirin mota da na babur da na sola, wanda fiye da rabin nauyinsa dalma ce. A nan ne maganar ta iso kanku, 'yan'uwa mazauna birni. Ku ne kuka yi ƙoƙari kuka sanya wa iyaye wutar sola, Allah Ya saka da alheri, amma batirin in ya mutu ba ya komawa inda ya fito. A bayan ɗaki ake jingine shi, har ranar da wani yaro zai fasa shi, ya zubar da ruwan a tsakar gida, ya ɗora farantan a gwangwani bisa murhun da ake dafa abinci. Mun kuma ga masu ajiye harsashi na biyu a kunci don saurin harbi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a cikin jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa daga abin da ya haɗiya. Tana taruwa a ƙashi da haƙori shekara da shekaru, tana fitowa lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi. Mai yawa tana kawo jijjiga da mutuwa. Kaɗan kuwa ba ta nuna alama, sai dai ta rage kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta rage ba ya dawowa. Wanda ya fi shiga haɗari ma ba maharbin ba ne, ƙaninsa ne mai rarrafe a ƙasar da ƙurar ta zuba, yana kai hannu baki.

Ƙasarmu ta riga ta ɗanɗana wannan. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci na gari na kowa ta bankaɗo annobar gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, sakamakon daka da niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Misalin da ya fi kama da namu shi ne na unguwar Thiaroye a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, inda fasa batura da tankaɗe ƙasarsu don tsintar dalma ya kashe yara 18 tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Ba mu ce gwangwanin yaro ɗaya ya kai waɗannan girma ba, amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta jiki ma ɗaya ce, kuma dalma ba ta ruɓewa. A Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kawo sabuwa.

Hana yaro danƙo ba zai yiwu ba, iyayenmu sun gwada a kanmu ba su ci nasara ba. Abin da ke hannun ƙungiya shi ne batirin. Muna ba da shawara a sanya shi cikin ajandar taron bana: a ware ɗaki mai makulli nesa da rijiya da makaranta inda za a riƙa tara matattun batura ba tare da an fasa su ba, duk wanda ya kawo sabo daga birni kuma ya koma da tsohon wurin dilan da ya sayar masa, tunda yawancinsu suna karɓa har su rage kuɗi.