Kula da Fulawar Fotulaka a Gidaje da Ofisoshi: Bayani ga Jama'ar Tsanyawa

Gabatarwa

Fotulaka, wadda masana ke kira Portulaca grandiflora, ƙaramar shuka ce mai yaɗo da ake dasawa a tukunya domin ƙawata gida. Asalinta daga kudancin Brazil da Ajantina da Uruguwai ne, kuma William Hooker na Ingila ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1829. 'Yar'uwa ce ga harshen saniya da ke fitowa a gonakinmu da damina. Furenta yakan zo ja, ko fari, ko ruwan ɗorawa. Yana buɗewa da hantsi, ya rufe da yamma, shi ya sa mutanen Brazil ke kiranta furen ƙarfe goma sha ɗaya.

Dacewarta da Tsanyawa

A Ƙaramar Hukumar Tsanyawa, kamar sauran arewacin Jihar Kano, yawancin ruwan sama yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, sauran watanni kuwa rani ne. Ganyen fotulaka mai kauri ne, yana ajiye ruwa, don haka tana jure fari da zafin bazara. Abin da ya fi kashe ta shi ne yawan ruwa.

Dasawa

1. A samo tukunyar ƙasa, ko tsohuwar randa, ko bokiti, a huda gindinsa.
2. A gauraya kashi biyu na rairayi da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen takin dabbobi. Laka ba ta dace ba.
3. A yanko reshe mai tsawon santimita 5 zuwa 10, a tsinke ganyen ƙasa, a soka shi. Yakan yi saiwa cikin mako biyu.
4. A ajiye inda za ta sha rana ta aƙalla awa shida. A cikin ɗaki ko inuwar zaure ba ta fure sosai.

Ban Ruwa

Kafin a zuba ruwa, a soka yatsa cikin ƙasar; idan da danshi, a dakata. Ragowar ruwan alwala ya wadatar, amma a guji ruwan sabulu. Da damina a kawar da tukunyar daga ƙarƙashin indararo, domin saiwar na ruɓewa. Da hunturu girmanta yana raguwa, sai a rage ban ruwa.

Kariya

A rataye tukunyar ko a ɗora ta bisa katanga saboda awaki da kaji. Rassan za su zubo ƙasa da kyau. Idan darɓa ta kama ta, a wanke da ruwa ko a cire reshen da ya kamu.

Ana jan hankalin magidanta da masu kula da makarantu da asibitoci da ofisoshi da kada a bar ruwa ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunya. Nan sauro ke hayayyafa, shi ne kuma ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro.