MINDAR BABA MAI ƘARARRAWA

Sa'ad da dattawan ikilisiya suka ɗora mana nauyin rubuta tarihin shekaru hamsin ɗin nan, mun ɗauka aikin ba zai wuce jera sunayen fastoci da ranakun gina majami'a ba. Muna cikin haka sai wani ɗan'uwa daga cikin mawaƙa ya kawo mana wata minda ta azurfa, wadda ya saya a kasuwar Sabon Gari wurin mai sayar da tsofaffin kwabbai da ahu. Ya ce abin da ya sa ya saye ta, sunan da aka zana a gefenta ne, domin ya taɓa ganinsa a shafin farko na littafin baftismarmu. Muka buɗe littafin, sai ga sunan a wurin masu tsaya wa yara.

Manyan cikinmu sun san mai sunan, amma da Baba Mai Ƙararrawa suka san shi: tsoho mai farin gemu wanda yake buga guntun ƙarfen dogo da sassafen Lahadi, ya share majami'a, ya zauna a bencin baya. Iyalinsa sun roƙa kada mu buga sunansa na yanka, mun kuwa girmama roƙonsu.

Mindar da kanta ce ta fara ba mu labari. Sunanta Imperial Service Medal. Sarki Edward na Bakwai na Ingila ne ya kafa ta a 1902 domin ƙananan ma'aikatan gwamnati, ba soja ba, waɗanda suka yi ritaya bayan shekara 25 suna aiki da kyakkyawan hali, ko shekara 16 a ƙasashen da Turawa suka ɗauka masu wuyar zama ne ga lafiya. A bayanta akwai hoton mutum yana hutawa bayan aiki, da rubutun Turanci mai ma'anar "saboda aiki da aminci". A fuskarta kuwa kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu ne. Wannan ya taimake mu ƙwarai, gama Sarauniya ta hau gadon sarauta a 1952, Nijeriya kuma ta sami 'yancin kai a 1960, saboda haka a tsakanin nan aka ba shi. Gwamnatin Ingila takan buga sunayen masu samun irin wannan lamba a Gazet ta Landan, wadda yanzu ana karanta tsofaffin fitowarta a intanet. Matasanmu suka yi kwana uku suna dubawa, har suka same shi: layi ɗaya tak, suna da muƙami da Nijeriya. Muƙamin na ma'aikatar gona ne.

Daga nan hanya ta buɗe. An kafa gonar dabbobi ta Shika a 1928, shekara shida bayan an fara binciken aikin gona a Samaru a 1922. Manufarta ita ce a zaɓi shanun ƙasa masu kyau, irin su Bunaji da Gudali, domin nono da kuma huɗa da garma, wadda gwamnati take koya wa manoma a lokacin. Gonar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a 1976 kuma ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI. Idan aka ƙirga shekarun aikin Baba daga lokacin mindar zuwa baya, za a ga yana cikin ma'aikatan farko-farko na gonar. Takardun da muka duba a gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna cike suke da nauyin bijimai da yawan nonon kowace saniya. Shanu suna da lambobi, Turawa suna da sunaye, amma waɗanda suke tashi da asuba su tatsa, sau da yawa "leburori" kawai aka rubuta.

Sauran labarin a bakin 'yarsa muka ji shi, wadda yanzu ta tsufa a Samaru. Muka durƙusa muka gaishe ta, muka miƙa mata mindar. Ta daɗe tana shafa ta, sa'an nan ta ce, "'Ya'yana, ina kuka samo kayan Baba?" Ta gaya mana a shekarar da ciwo ya kwantar da ƙaninta ne aka sayar da ita tare da keken Baba. Ba mu ga abin zargi a nan ba, kowa ya san yadda asibiti yake cin gida.

Ita ce ta faɗa mana cewa kafin a sami wurin sujada a wannan gefe, Baba yakan hau keke har Wusasa, inda mishan ta koma daga birnin Zariya a 1929, ya yi sujada a majami'ar Saint Bartholomew, ya dawo kafin tatsar yamma. Yana da Littafi Mai Tsarki na Hausa bugun 1932. Da damina, in hanya ta ɓaci, sai ya tara 'yan'uwa ma'aikata a zaurensa ya karanta musu. Tsofaffi biyu na zumuntar mata, waɗanda muka tambaya dabam-dabam, sun tabbatar da wannan. Ɗaya ma ta ce a tabarmar zauren nan ta koyi Addu'ar Ubangiji.

A nan ne kwamiti ya sha muhawara. Jerin waɗanda suka kafa ikilisiya, wanda ake karantawa kowace shekara, ya fara ne daga ranar da aka sa hannu a takardar fili, kuma yawancinsu malaman jami'a ne. Ba mu rage musu kome ba, sun ba da kuɗinsu da ƙarfinsu. Amma a ganinmu jama'ar da suka zo suka tarar, a zauren Baba ta fara taruwa. Dattawa sun amince a ƙara sunansa a jerin daga bana.

Mun so mu mayar wa Mama da mindar, ta ce a bar ta a gidan Ubangiji. Za a same ta ranar Lahadin godiya a kan tebur kusa da ƙofa, tare da guntun ƙarfen dogon, wanda muka tono a bayan ɗakin ajiya.